A Gyara Lissafi Kafin a Gyara Lafazi

Na taɓa zama a wani ɗaki inda ake shirya matasa masu sabbin kamfanoni domin ranar da za su tsaya gaban masu zuba jari. Wata matashiya ta miƙe, ta tsaya daidai inda aka shata mata a ƙasa, ta fara jawabinta na minti uku a kan wata manhaja da ta ƙirƙira domin taimaka wa ƙananan asibitoci su tsara layin marasa lafiya. Mai horarwar ya tsayar da ita har sau biyar. Da farko ya ce ta daina waiwayen allon majigi ta dubi jama'a, sannan ya ce ta buɗe da labarin wani majiyyaci wanda zai sosa zuciya, daga nan ya gyara mata tsayuwa, ya gyara mata motsin hannu, kuma ya umarce ta da ta cire "muna fata" duk inda ta rubuta shi, ta maye gurbinsa da "za mu". A karo na shida jawabin ya fi daɗin ji ƙwarai, wannan babu musu. Sai dai da aka tashi hutu na tambaye ta asibitoci nawa ne suke biyan ta kuɗi kowane wata, kuma nawa ne daga cikin waɗanda suka fara amfani da manhajar suka watsar da ita. Ta yi shiru, ta buɗe kwamfutarta tana laluben amsa. Makonni ta shafe ana horar da ita, kuma a duk tsawon lokacin nan babu wanda ya yi mata wannan tambayar.

Tun daga ranar nake ganin cewa yawancin horon da ake ba masu neman jari ya fara ne daga inda ya kamata ya ƙare. Ana koya musu iya baki kafin a tabbatar sun san kasuwancinsu ciki da bai, ana goge musu lafazi alhali lissafinsu bai zauna ba. A ra'ayina, babban aikin mai horarwa shi ne ya zama mutum na farko da zai yi wa mai kamfani tambayoyin da yake gudu, a cikin ɗaki, tun kafin wanda ke riƙe da kuɗi ya yi masa su a bainar jama'a. Idan amsoshin ba su nuna ba, to haƙƙin mai horarwa ne ya ce masa lokaci bai yi ba tukuna, ko da hakan zai rage yawan waɗanda za su hau dandali ranar baje koli.

Yana da kyau a tuna inda wannan al'ada ta samo asali. A shekarar 2005 Paul Graham da Jessica Livingston da wasu abokan aikinsu biyu suka kafa Y Combinator a Amurka, cibiyar da take ɗaukar ƙananan kamfanoni rukuni-rukuni, ta ba su ɗan jari, ta raine su na kimanin wata uku, sannan ta tara masu zuba jari a rana guda kowane kamfani ya gabatar da kansa cikin 'yan mintoci. A 2006 aka kafa Techstars a garin Boulder a kan tsari mai kama da wannan, daga nan kuma cibiyoyin renon kamfanoni suka bazu ko'ina a duniya. A daidai wannan lokaci talabijin ta mayar da neman jari abin kallo: BBC ta fara nuna Dragons' Den a 2005, Shark Tank kuma ya fara a Amurka a 2009. Abin da idon jama'a ya gani shi ne dandali da fitilu da mutum ɗaya tsaye yana zuba magana. Abin da bai gani ba shi ne watannin da aka shafe kafin ranar ana gina haja, ana zama da masu amfani da ita, ana ƙirga ci gaban kowane mako. Da yawa daga cikin masu kwaikwayo sun ɗauki ranar ƙarshen kawai suka bar watannin da suka haife ta, shi ya sa a yau ake samun shirye-shiryen horo da rabin lokacinsu yake tafiya a kan zanen shafuka da sarrafa murya.

Ba ina raina iya gabatarwa ba ne. Mutumin da ya kasa bayyana abin da kamfaninsa yake yi cikin jimla biyu, ta yadda wanda ba ɗan sana'ar ba zai gane, sau da yawa shi ma kansa bai gama ganewa ba, kuma tilasta masa ya taƙaita yakan fito da wannan giɓi fili. Shawarar nan da Guy Kawasaki, marubuci kuma mai zuba jari ɗan Amurka, ya yi fice da ita, wato kada shafukan gabatarwa su wuce 10, kada jawabi ya wuce minti 20, kuma a yi rubutu da manyan baƙaƙe, shawara ce mai ma'ana, domin mai zuba jari yana sauraron mutane da yawa a mako guda kuma hankalinsa ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Akwai kuma mutane masu basira da kunya ko tsoro ko rashin sabo da harshen da ake taron da shi yake danne su, waɗanda ɗan horo kaɗan yake buɗe musu ƙofa. Duk wannan gaskiya ne. Amma aikin kwana biyu ne ko uku, kuma amfaninsa yana bayyana ne a lokacin da akwai abin faɗa na haƙiƙa.

Idan aka dubi labaran kamfanonin da aka fi kafa misali da su, za a ga cewa abin da ya buɗe aljihun masu kuɗi shi ne abin da suka gani da idonsu. A 1998 wani mai zuba jari, Andy Bechtolsheim, ya kalli yadda injin binciken Larry Page da Sergey Brin yake aiki, nan take ya rubuta cakin dala 100,000 da sunan Google, alhali ko rajistar kamfanin ba a kammala ba. Drew Houston na Dropbox, manhajar adana fayiloli a intanet, ɗan gajeren bidiyo ya yi a 2007 yana nuna yadda fayil yake bin mutum daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Labarin Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar ɗaki, ma ya fi ba da darasi. A 2008 waɗanda suka kafa shi sun nemi dala 150,000 a kan kashi 10 cikin 100 na kamfanin, aka haɗa su da masu zuba jari bakwai, biyar suka ƙi, biyu ko amsa ba su bayar ba. Da kuɗi ya ƙare musu sai suka buga kwalayen abincin karin kumallo masu hotunan 'yan takarar shugabancin Amurka na wannan shekara, suka riƙa sayar da kowane kwali dala 40, har suka tara kusan dala 30,000. Wannan naci na daga cikin abin da ya sa aka karɓe su a Y Combinator a farkon 2009. Gani ya kori ji, kuma babu wani mai horarwa da zai iya ƙaga wa mutum irin wannan shaida a cikin ɗakin atisaye; iyakarsa ya tura shi waje ya samo ta, sannan ya taya shi ajiye ta a inda za a gan ta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan sauye-sauyen kalmomi irin wanda aka yi wa matashiyar nan. "Muna fata" ya koma "za mu". Wanda ya ba da adireshin imel ɗinsa sau ɗaya ya koma "mai amfani da manhaja". Kamfanin da aka yi zama ɗaya da shi aka sha hannu ya koma "abokin hulɗa". Gwajin kyauta ya koma "ciniki". Kowane ɗaya daga cikin waɗannan a kan kansa ƙarami ne, kuma mai horarwa yakan ce ai kowa haka yake yi, ai masu zuba jari sun san a rage. Sai dai matashin da aka koya wa haka a ranar farko ya ɗauki darasi mai zurfi, cewa gaskiya abu ce da ake miƙar da ita gwargwadon buƙata. Idan ya karɓi kuɗi a kan adadin da ya kumbura, to bayan wata uku dole ya kai rahoton da ya fi wancan, kuma tunda tushen ba gaskiya ba ne, sai ya ƙara kumbura na biyun. Kowane adadi da aka faɗa gaban mai zuba jari bashi ne, kuma ranar biyansa tana zuwa.

Duniyar kasuwanci ta ga ƙarshen wannan hanya fiye da sau ɗaya. Elizabeth Holmes ta kafa Theranos a 2003 tana da shekara 19, ta yi alƙawarin yin gwaje-gwajen lafiya masu ɗimbin yawa da 'yan ɗigon jinin yatsa, ta tara fiye da dala miliyan 700, har aka ƙiyasta darajar kamfanin a dala biliyan 9 a 2014. Mutane kaɗan ne suka kai ta iya tsayuwa gaban taro. A 2015 jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo cewa na'urar ba ta yin abin da ake faɗa, a watan Janairun 2022 aka same ta da laifin damfarar masu zuba jari, daga baya aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Charlie Javice kuwa ta sayar wa bankin JPMorgan Chase kamfaninta mai suna Frank, mai taimaka wa ɗalibai neman tallafin karatu, a 2021 a kan dala miliyan 175, bisa iƙirarin cewa yana da masu amfani da shi fiye da miliyan 4, alhali adadin gaskiya yana wajen 300,000. A watan Maris na 2025 kotu a New York ta same ta da laifi. Ba na cewa wani mai horarwa ne ya sa waɗannan mutane suka yi abin da suka yi, laifinsu a wuyansu yake. Abin da nake cewa shi ne sun tashi a cikin yanayin da yake tafa wa wanda ya fi ƙarfin iƙirari, yake kuma kallon mai taka-tsantsan a matsayin mai ƙarancin buri, kuma ɗakunan horo suna cikin wuraren da ake dasa wannan ɗabi'a ko a tuge ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a harkar da za a zo a buɗe takardun banki da yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya kafin a saki kuɗi.

Akwai wani ɓangare da na ga ana tsallakewa kusan ko da yaushe, wato fahimtar da mai kamfani ko wane ne yake zaune a gabansa da kuma abin da yake nema. Yawancin masu zuba jari a sabbin kamfanoni ba kuɗinsu suke juyawa ba. Asusu suke riƙe da shi wanda aka tara daga hukumomin fansho da gidauniyoyin jami'o'i da attajirai, galibi da wa'adin kimanin shekara 10, kuma a ƙarshen wa'adin dole su mayar da kuɗin da riba mai tsoka. Sun san tun farko cewa yawancin kamfanonin da za su zuba wa kuɗi za su mutu ko su tsaya cik, saboda haka suna neman ɗaya ko biyu da za su yi girman da zai rufe asarar sauran duka. Ma'anar wannan ita ce kasuwanci yana iya zama mai kyau, mai riba, mai ciyar da ma'aikata hamsin cikin mutunci, amma bai dace da irin wannan kuɗi ba ko kaɗan. Idan mai horarwa bai faɗa wa ɗalibinsa haka ba, sai ya ɓuge da koya masa yadda zai zana kasuwa mai girman da ba ta da shi domin ya dace da kunnen mai sauraro, ya jefa shi cikin tseren da ba a gina kamfaninsa dominsa ba. Mailchimp, kamfanin aika saƙonnin talla ta imel wanda aka kafa a 2001, bai karɓi jarin irin waɗannan asusu ba, da kuɗin masu sayen hajarsa ya girma, kuma a 2021 kamfanin Intuit ya saye shi a kan kusan dala biliyan 12. Ba kowa ne zai kai nan ba, amma kowane mai kamfani ya cancanci a sanar da shi cewa wannan hanyar ma tana nan.

Sannan ga farashin kuɗin kansa, wanda ba a cika rubuta shi a kan allo ba. Wanda ya sayar da kashi 20 cikin 100 na kamfaninsa a zagaye na farko na karɓar jari, ya sake sayar da kashi 20 a na biyu, ya kuma yi haka a na uku, abin da zai rage a hannun waɗanda suka kafa kamfanin gaba ɗayansu shi ne kashi 51 da ɗoriya, tun kafin a cire kason da ake ware wa ma'aikata. A cikin yarjejeniya kuma yakan zamana akwai sharaɗin cewa idan aka sayar da kamfanin, mai zuba jari ne zai fara ɗaukar abin da ya zuba kafin kowa ya taɓa komai. A misali, idan an zuba miliyan 8 aka sayar da kamfanin a kan miliyan 10, to miliyan 2 ne kawai zai rage wa waɗanda suka yi shekaru suna wahala. Ko takardar nan mai sauƙi da ake kira SAFE, wadda Y Combinator ta fito da ita a 2013 domin a karɓi kuɗi yanzu a mayar da shi hannun jari daga baya, ta sha ruɗar matasan da suka sa hannu a kan guda huɗu ko biyar ba tare da sun lissafa jimillar abin da suka bayar ba sai ranar da aka zo rabo. Ga kuma abin da mai zuba jari yakan samu: kujera a hukumar gudanarwa, da ikon hana sayarwa, wani lokaci har da ikon sauke wanda ya kafa kamfanin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma zalunci ne a koya wa mutum yadda zai miƙa hannu ya karɓa ba tare da an karanta masa sharuɗɗan askin ba.

Inda horo yake da amfani mafi girma, a ganina, shi ne lokacin tambaya da amsa, domin a nan ne haddar da aka yi take ƙarewa, mutum ya saura daga shi sai abin da ya sani. A nan ne kuma rashin adalcin da ke cikin harkar yake fitowa. Wata mai bincike, Dana Kanze, da abokan aikinta sun nazarci tambayoyin da aka yi wa kamfanoni 189 a gasar sabbin kamfanoni ta TechCrunch Disrupt a New York tsakanin 2010 da 2016, suka gano cewa maza an fi tambayar su yadda za su bunƙasa su ci riba, mata kuwa an fi tambayar su yadda za su kauce wa asara, kuma masu tambayar maza da mata duk haka suke yi. Sun kuma gano cewa waɗanda aka yi wa tambayar tsoron asara suka amsa ta sannan suka karkatar da zancen zuwa damar bunƙasa sun fi samun jari. Wannan ilimi ne da ya kamata ya shiga kowane ɗakin horo, domin yana ba mai kamfani makami ba tare da ya sa shi faɗin abin da ba haka yake ba. A nan ne kuma ya kamata a koya wa matashi jimlar da ta fi kowace wuya a bakin mai neman kuɗi: "Ban san amsar wannan ba tukuna, amma ga yadda nake shirin gano ta." Mai zuba jari mai hankali yana auna mutumin da zai yi shekaru bakwai ko goma yana hulɗa da shi, kuma yana son ya san ko wannan mutum zai kawo masa mummunan labari da wuri idan ya faru.

Dole kuma a dubi abin da ake auna masu horarwar da shi, domin mutum yakan bi inda ladansa yake. Cibiyoyi da yawa suna tallata kansu da yawan kuɗin da ɗalibansu suka tara da kuma kofunan da suka ci a gasa, wasu masu horarwa ma suna karɓar kaso daga abin da aka samu. Wanda cinsa ya rataya a kan a rufe ciniki zai yi wuya ya ce wa ɗalibinsa ya dakata wata shida. Daga nan ne ake samun matasan da suka ƙware wajen yawo daga wannan gasa zuwa waccan da jawabi ɗaya, suna cin kyaututtuka, kamfanin kuwa yana nan inda yake tun bara. Da za a riƙa tambayar kowace cibiya kamfanoni nawa ne daga cikin waɗanda ta horar suke raye bayan shekara uku, da masu saye na gaske masu biyan kuɗi, kuma kashi nawa ne ya saura a hannun waɗanda suka kafa su, da tsarin horon ya sauya da kansa. Haka nan wajibi ne mai horarwa ya bayyana wa ɗalibinsa tun ranar farko idan yana da wata alaƙa ta kuɗi da masu zuba jarin da zai haɗa shi da su.

Da ni ne nake tsara irin wannan horo, makonnin farko ba za a kunna majigi ba sam. Za a zauna ne da takardun banki da jerin sunayen masu saye, a tantance nawa ake kashewa kafin a samu mai saye ɗaya, nawa yake kawowa kafin ya tafi, wata nawa kuɗin da ke hannu zai kai, kuma me za a yi da jarin da ake nema wanda ba za a iya yi ba idan babu shi. Za a tura mai kamfani ya je ya zauna da mutum goma da suka daina amfani da hajarsa, ya dawo da dalilansu a rubuce da kalmominsu. Za a karanta yarjejeniyar zuba jari layi-layi tare da lauya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya bi ta wannan hanya, idan aka zo tsara jawabi, za a tarar rabin aikin ya riga ya kammalu, domin mutum ba ya buƙatar haddace abin da ya taɓa da hannunsa.

Matashiyar da na fara da labarinta ta koma ta yi ƙirgen da kanta. Ta tarar asibitoci goma sha ɗaya ne suka gwada manhajar, huɗu suke biya, kuma da ta bi sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya sai biyar suka faɗa mata abu guda: ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya a bakin ƙofa ba ta da lokacin shigar da suna sau biyu, a littafi da kuma a kwamfuta. Ta janye daga baje kolin wannan zagaye, abin da bai yi wa masu shirin daɗi ba, ta shafe watanni tana gyara wannan matsala guda. Da na sake ganin ta a gaban masu zuba jari, shafinta na uku yana ɗauke da adadin waɗanda suka tafi da dalilin tafiyarsu da kuma nawa ne suka dawo bayan gyaran. Muryarta tana ɗan rawa kamar da, kuma sau biyu ta waiwayi allon. Wani dattijo daga cikin masu sauraro ya ajiye wayarsa, ya nemi a mayar da shafin baya, ya tambaye ta yadda ta shawo kan asibitin farko da ya dawo, kuma a kan wannan tambayar suka cinye sauran lokacin da aka ware mata.